Ƙofar Yasa a Bututun Ruwan Sama: Dalilinta da Yadda Ake Saka Ta

Duk wanda ya tashi a cikin tsohon birni, ko Kano ne ko Zariya ko Katsina, ya san indararo. Maginanmu na gargajiya sun daɗe da warware matsalar ruwan da ke sauka a kan soro ta hanya mai sauƙi ƙwarai: a ɗan karkata daɓen rufi zuwa gefe guda, a huda rawanin soron, a zura indararo na gasasshen yumɓu ko na kwano, ya leƙo waje kamar kamu ɗaya ko fiye, ya riƙa watsa ruwa nesa da jikin bango. Indararo yana da nasa aibin, domin yakan jiƙe mai wucewa a lungu, kuma yakan ƙwaƙule ƙasa a inda ruwan ke faɗuwa. Amma yana da wata falala da ba a cika lura da ita ba, wato dukkan tsawonsa a fili yake. In ya toshe kowa zai gani, kuma yaro da karan dawa a hannu ya isa ya buɗe shi.

Gidajen bulo da siminti masu rufin kwano sun zo da wani tsari dabam. A bakin kwano akan ɗaura wani dogon kwami, wanda magina ke kira gota, ya tattara ruwan rufin, sa'annan ya juye shi cikin bututun roba da ke saukowa a jikin bango. A ƙasa bututun yakan yi gwiwa ya shige ƙarƙashin daɓen tsakar gida, ya bi ta nan har ya ɓulla a lambatun bakin titi ko a tankin tara ruwa. Dabarar ba sabuwa ba ce a duniya. Tun wajen shekarar 1240 Sarkin Ingila Henry na Uku ya ba da umarni a tsawaita magudanan darma na Hasumiyar Landan har ƙasa, don kada ruwan sama ya ɓata farar ƙasar da aka shafa wa bangonta. Daga darma aka koma zubin ƙarfe, daga baya kuma aka koma robar PVC, wadda aka fara yin bututu da ita a Jamus cikin shekarun 1930.

Tsari ne mai tsabta da kyan gani. Sai dai hanyar ruwan ta koma rufaffiya tun daga sama har ƙasa, ido ba ya ganin cikinta, hannu ba ya kaiwa gare ta. A yawancin gidajen da na duba, mai aikin famfo ya shafa gam a kowace mahaɗa, magini kuma ya zuba kankare a kan ragowar, ba wanda ya tambayi kansa ta ina za a shiga ranar da bututun ya toshe. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata 'yar ƙofa mai murfi da ake sakawa a jikin bututun domin wannan rana. Tun da aikinta shi ne ba da hanyar yashe bututu kamar yadda ake yasar rijiya, za mu riƙa kiranta ƙofar yasa.

Ruwa nawa rufi ke tarawa?

Mai karatu ba zai ga muhimmancin maganar ba sai ya san yawan ruwan da ake magana a kansa. Masana yanayi suna auna ruwan sama da milimita, kuma lissafin yana da sauƙi: milimita 1 na ruwa a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922, ta daɗe tana auna ruwan sama, kuma abin da Zariya ke samu a shekara yana kewayen milimita 1,000. Kano ba ta kai haka ba a yawancin shekaru, Kaduna kuma ta fi. Ke nan gida mai rufin murabba'in mita 100 a Zariya, wanda matsakaicin gida ne, yana karɓar lita 100,000 a damina ɗaya, wato cikin duro 500 mai ɗaukar lita 200.

Jimillar shekara ba ita ce abin tsoro ba. Abin lura shi ne yadda ruwanmu ke zuwa. Ba yayyafi ne na yini da kwana ba irin na ƙasashen Turai. Hadari ne yakan haɗu daga gabas, iska ta taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya na rabin sa'a, sa'annan ya lafa. A irin wannan lokaci ba abin mamaki ba ne a sami milimita 1 cikin kowane minti. Idan rufin nan namu yana da bututu 2, kowanne zai riƙa karɓar lita 50 a minti ɗaya. Bututu mai inci 4 yana ɗaukar kimanin lita 8 a kowace mita ta tsawonsa, saboda haka mai tsawon mita 3 zai cika da kimanin lita 25. Ma'ana, idan ya toshe daga ƙasa, rabin minti kacal yake buƙata ya cika ya batse. Ragowar ruwan rabin sa'ar, kusan lita 1,500, zai malalo ne ta bakin gota, ya bi jikin bango, ya taru a gindinsa. Duro 7 ke nan da ɗoriya, a wuri guda, a ruwa guda.

Bututun da yake lafiya kuwa ba ya ma kusantar cika. Ruwan da ke saukowa a miƙaƙƙen bututu ba tsakiya yake bi ba; yakan lafe ne a jikin bangon bututun kamar zobe, ya bar iska a tsakiya. Injiniyoyi kan yi lissafinsu a kan cewa ruwa ba zai cike fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin cikin bututun ba, kuma ko a haka mai inci 4 yana iya wucewa da wajen lita 10 a daƙiƙa ɗaya, alhali buƙatarmu ba ta kai lita 1 ba. Saboda haka idan ka ga gota tana ambaliya, da wuya ƙanƙantar bututu ce ta jawo. Kusan kullum toshewa ce.

Abin da ke toshe shi

Mutane kan ɗora laifin a kan ganye, kuma ganye yana da nasa kaso. Amma a ƙasarmu aikin yana farawa ne tun da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana ɗebo ƙura daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, tana shimfiɗa ta a kan kowane rufi. Cikin watannin nan ba ruwan da zai wanke ta. A kan ƙurar sai ganyen darbejiya da na mangwaro su zuba, tsuntsaye su kawo ciyawar sheƙa, iska ta kawo leda, musamman ledar ruwan sha da ta cika garuruwanmu tun daga shekarun 1990.

Sai ruwan farko ya zo, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Sau da yawa ba shi da ƙarfi. Yakan isa ya kwashe ƙurar daga kan kwano ya kai ta cikin bututu, amma ba ya isa ya fitar da ita ta ɗaya bakin. A nan ne ya kamata mu dubi gwiwar da ke ƙasa, wadda masu aikin famfo ke kira elbo. Ruwan da ke faɗowa daga sama yana zuwa da gudun mita da yawa a daƙiƙa. Da ya iso gwiwa sai ya daki bango, ya juya, gudunsa ya ragu ƙwarai a cikin kwantaccen bututu. Ƙarfin da ruwa ke da shi na ɗaukar yashi kuwa ya dogara ne a kan gudunsa. Abin da muke gani a kogi ke nan, inda yashi ke taruwa a wurin da ruwa ya lafa. Masana sun ƙiyasta cewa sai ruwa yana gudun kimanin kashi uku cikin huɗu na mita a daƙiƙa kafin ya iya share bututu da kansa. Ƙasa da haka, laka za ta kwanta.

Daga nan sai a yi kwana goma ko mako biyu ba a sake ruwa ba, kamar yadda aka saba a farkon damina. Lakar ta bushe, ta haɗu da guntayen ciyawa, ta ƙanƙame. Laka da ciyawa da rana dai su ne kayan yin tubali, kuma abin da ke samuwa a cikin gwiwar bai da maraba da shi. Ruwa na biyu ya ƙara wani a kai. Ranar da babban ruwa zai zo da ganye da leda, ya tarar hanya ta riga ta ƙuntata, leda ɗaya ta isa ta rufe abin da ya saura. Na taɓa tsayawa a kan wani bututu da aka fasa a gidan da na yi haya, aka fito da dunƙulen laka mai tsawon kamu guda, da ƙwallon yara, da mushen ƙadangare, da kuma saiwar wata 'yar darbejiya da ta tsiro daga ƙwallon da tsuntsu ya yar. Sai da aka farfasa daɓen siminti na kusan mita 2 kafin a kai ga wurin. Da akwai ƙofar yasa, aikin minti 20 ne.

Ɓarnar da ke biyo baya a hankali take zuwa, shi ya sa ake raina ta. Bulon siminti yana da ƙananan ƙofofi da ke zuƙar ruwa su hau da shi sama, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwan yakan narkar da gishirin da ke cikin ƙasa da siminti, in ya bushe ya bar shi a fuskar bango. Shi ne farin garin nan da ke ɗaga fenti ya ruɓar da filasta. A ƙarƙashi kuma, ƙasar da ta sha ruwa ba ta ɗaukar nauyi kamar busasshiya. Idan kusurwa ɗaya ta gida tana jiƙewa kullum, sauran suna bushe, wannan kusurwar za ta nutse fiye da 'yan'uwanta, bango ya tsage a karkace. Abin ya fi muni a wuraren da ke da baƙar laka mai kumbura, irin firgin yankin Tafkin Chadi. In kuwa katangar ta ƙasa ce aka yi mata rufin kwano, kamar yadda ake yi da yawa a yanzu, to jiƙewar gindi ita ce hanyar faɗuwarta cikin Agusta.

Akwai kuma batun sauro. Ruwan da ya kwanta a gota ko a cikin bututu matattara ce ga sauron da masana ke kira Aedes, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, da kuma Culex, mai son ƙazamin ruwa. Kududdufin gindin bango da rana ke haskawa kuwa shi Anopheles, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, ya fi so. A yanayin zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba.

Siffar ƙofar da wurin da ya dace da ita

Ƙofar yasa ba wani abu ba ne illa mahaɗi mai baki uku, biyu suna bin layin bututu, na ukun an rufe shi da murfi mai murɗawa. Iri biyu aka fi samu a kasuwa. Na farko mai siffar harafin T ne, bakinsa na uku yana kallon waje kai tsaye. Na biyu mai siffar harafin Y ne, bakinsa na uku ya karkata da digiri 45. Kowanne da amfaninsa. Ta bakin T ana iya zura sanda sama ko ƙasa, amma sai ta lanƙwasa sosai kafin ta shiga. Ta bakin Y sanda na shiga cikin sauƙi, amma ƙasa kawai za ta nufa. Tun da mun ga cewa yawancin toshewa a gwiwar ƙasa take faruwa ko a bayanta, ni dai Y na fi zaɓa a gindin bututu. Abin da ya toshe a sama ana iya kai masa ta bakin gota.

Wajibi ne bakin Y ɗin ya kalli sama. Idan aka kifa shi ya kalli ƙasa, ruwa da laka za su riƙa faɗawa cikinsa su taru a bayan murfin, sandar yasa kuma ta nufi rufi maimakon gwiwa. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma ba ya gyaruwa bayan gam ya kama.

Wurin da ya fi dacewa shi ne tsakanin santimita 30 zuwa 50 daga ƙasa, dab da saman gwiwa. In ya yi ƙasa da haka, ba a samun wurin tara bokiti, kuma watarana za a ƙara daɓe a binne shi. In ya yi sama da yawa, sandar za ta yi tafiya mai nisa kafin ta kai ga aiki, ƙarfinta ya ragu. Bakin ya kalli fili, kada ya kalli bango ko tanki. Idan kwantaccen bututun da ke ƙarƙashin ƙasa yana da tsawo, ko yana yin kwana, to kowace kwana tana buƙatar tata mashigar, kuma a nan ɗan ƙaramin akwatin bulo mai murfin kankare ya fi dacewa. Wanda yake kan gini yanzu, ya roƙi mai aikinsa abu biyu: a maye gurbin gwiwa ɗaya mai digiri 90 da biyu masu digiri 45, don ruwa ya juya a hankali kuma sanda ta wuce, sa'annan kwantaccen bututun ya gangara aƙalla santimita 1 a kowace mita.

Akwai wata hanya da ta fi duk waɗannan sauƙi, kuma a ganina ta fi su inganci inda wuri ya ba da dama. Ita ce a yanke bututun gaba ɗaya kamar taƙi guda kafin ƙasa, a bar shi yana zuba a kan ɗan rami mai murfin raga, daga ramin ne bututun ƙarƙashin ƙasa zai tashi, bakinsa kuma ya ɗara gindin ramin da santimita 10 ko 15. Ganye da leda su tsaya a kan raga, yashi ya kwanta a gindin rami, ruwa kaɗai ya wuce. Illarta ita ce fantsama a jikin bango, da ɗan ruwan da kan rage a ramin, wanda dole a riƙa kwashewa saboda sauro.

Yadda ake saka ta a bututun da ya riga ya kafu

Aikin rani ne, ko aƙalla ranar da sama take garau. Kayan aiki ba su da yawa: mahaɗin da murfinsa, gam na PVC, zarto mai ƙananan haƙora, sandfefa, tef na awo, fensir, tsumma mai tsabta, da maɗauri guda ɗaya na ƙari. Kafin a je kasuwa a auna kaurin bututun da zare, ko a tafi da guntunsa, domin abin da ake kira inci 4 ba lallai ya zama daidai ba tsakanin wannan kamfani da wancan.

Wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne awo. Kowane bakin mahaɗi yana da zurfi, kuma a ƙarshen zurfin akwai ɗan tudu da bututu ke tsayawa a kansa. Tsawon da za a yanke a cire daga bututun ba tsawon mahaɗin dukkansa ba ne; tazarar da ke tsakanin tudun sama da tudun ƙasa ce kawai. Alal misali, idan mahaɗin yana da tsawon santimita 26, zurfin kowane baki kuma santimita 5, abin da za a cire shi ne santimita 16. Wanda ya cire 26 ya bar giɓin da ba abin da zai cike shi sai sabon bututu. Don yanka ya miƙe, a naɗe takarda a jikin bututun har gefunanta su haɗu daidai, a bi bakinta da fensir. Bayan yanka a goge kaushin ciki da waje da sandfefa, domin ɗan ƙaiƙayin robar da aka bari a ciki shi zai fara kama zare da ciyawa.

Yanzu sai wata matsala ta taso: bututun a kafe yake sama da ƙasa, giɓin kuma ya fi mahaɗin gajarta, to yaya zai shiga? Mafita ita ce a kwance maɗauran da ke riƙe da ɓangaren sama, a zare shi daga bakin gota, a fara zaunar da mahaɗin a kan ɓangaren ƙasa, sa'annan a sauko da na saman cikinsa. Inda hakan ba ta yiwuwa, akwai wani soket marar tudu a ciki, wanda ake zurawa ya hau bututun gaba ɗaya, a dawo da shi ya rufe mahaɗar bayan an jera komai. Masu aikinmu da yawa sun saba gasa bakin bututu da wuta har ya yi laushi su buɗa shi. Yana aiki, amma ba na ba da shawararsa. Wuta tana sa robar ta yi siriri ta yi gautsi, hayaƙinta kuma yana ɗauke da iskar asid mai cutar da huhu.

A fara gwada haɗawa ba tare da gam ba, a juya bakin ya kalli inda ake so, a ja layi da fensir daga mahaɗin zuwa bututun. Dalilin wannan shi ne gam ɗin PVC ba manne ba ne irin na takarda. Sinadari ne da ke narkar da fuskar robar ta ɓangarorin biyu, su cakuɗe, in ya bushe su zama abu ɗaya. Daƙiƙoƙi kaɗan yake ba mutum kafin ya kama, saboda haka babu lokacin tunani. A share wurin ya bushe sarai, a shafa a ɓangarorin biyu, a tura har tudu, a daidaita layin fensir, a riƙe kamar rabin minti. Gam ɗin yana kama wuta, warinsa kuma yana hawa kai, don haka a nisanci murhu da taba. A bar shi ya kwana kafin a gwada da ruwa.

Wurare biyu ba a shafa musu gam. Na farko shi ne murfin, wanda ɗan sabulu a kan zobensa na roba ya wadatar. Baƙin mai yana lalata irin wannan roba. Na biyu shi ne mahaɗar sama, inda bututu ya haɗu da gota. PVC tana miƙewa da zafi, kimanin milimita 0.07 a kowace mita ga kowane digiri ɗaya. Bututu mai mita 3 da ke shan rana, tsakanin sanyin asubahin Janairu da zafin azahar ɗin Afrilu, yana iya ganin bambancin digiri 30 ko fiye, wato motsi na wajen milimita 6. In an ƙulle shi ta ko'ina, ko ya lanƙwashe ko ya tsage a mahaɗa. A ƙarshe a ɗaura maɗauri dab da mahaɗin, don kada murɗa murfi da tura sanda su riƙa girgiza bututun.

Ranar da ta toshe

Amfanin ƙofar na farko shi ne tana faɗa maka inda matsalar take. Kafin a buɗe, a ƙwanƙwasa bututun daga sama zuwa ƙasa: inda babu komai zai yi amo, inda ruwa ya cika zai yi ɗum. In an buɗe aka tarar wurin a bushe alhali gota tana ambaliya, toshewar tana sama. In ruwa ya fito, tana ƙasa.

A nan akwai hatsari da ya kamata a sani. Tun a 1586 masanin nan na ƙasar Holan, Simon Stevin, ya nuna cewa matsin ruwa ya dogara ne a kan zurfinsa, ba a kan yawansa ba. Kowace mita 1 ta zurfi tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin giram 100. Murfi mai faɗin santimita 10 yana da fuskar murabba'in santimita kusan 80, saboda haka idan akwai ruwa mai tsayin mita 2 da rabi a samansa, abin da ke tura shi ya kai nauyin kilo 20. Wanda ya kwance shi gaba ɗaya lokaci guda yana tsugune a gabansa zai sha ruɓaɓɓen ruwa a fuska. A tsaya a gefe, a sassauta kaɗan, a bari ya tsiyaye.

Mafi kyawun abin yasa shi ne sandunan roba masu murɗawa da juna. Ana tura su ana juyawa ta hannun dama kullum, domin juyawa ta hagu tana kwance su, guntu ya maƙale a ciki, a koma neman magani biyu. In babu su, tiyo mai kauri yana aiki, musamman in an saki ruwa ta cikinsa yana jiƙa lakar yayin da ake turawa. Rodin ƙarfe kuwa yakan huda gwiwa, kuma huda a ƙarƙashin daɓe ta fi toshewa illa, tun da ba wanda zai gan ta. Kada a zuba soda ko asid. An yi su ne don narkar da maiƙo da gashi. Ba sa narkar da yashi ko leda, za su tsaya ne kawai a bayan toshewar suna jiran hannun mai buɗewa, ko su ƙare a tankin da iyali ke sha. Wanda zai hau tsani don duba gota ya kafa gindinsa nesa da bango da kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa, ya kuma dubi inda wayar lantarki ta shigo gidan, domin sau da yawa ta bakin rufi take bi.

Lokacin da ya fi dacewa a buɗe ƙofar shi ne ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, kafin ruwan farko: a share gota, a sa 'yar raga mai siffar ƙwarya a kife a bakin bututu, a zuba bokiti biyu daga sama ana kallo ta ƙofar. Sai a sake dubawa bayan ruwa na biyu ko na uku, lokacin da lakar take da taushi. Masu tara ruwa a tanki su bar ruwan farko ya wuce waje dungurungum. Guntun bututun da wasu ke rataye wa a matsayin matarar ruwan farko yana ɗaukar lita 8 ne kawai a mita, alhali milimita 1 a kan rabin rufinmu lita 50 ce. Yana da amfani a tsakiyar damina, amma bai isa ya tare ƙurar wata biyar ba.

Sauran magana ɗaya, a kan salon ginin da ya yaɗu a biranenmu, inda ake ɗaga bango ya ɓoye kwano, a zuba gotar kankare a bayansa, a binne bututun a cikin ginshiƙi. A irin wannan gida ruwan da ya rasa hanya ba waje yake malala ba. Yakan taru ya hau ƙarƙashin kwano ya zubo ta silin, a kan wayoyin wuta da kayan ɗaki. Gota mai tsawon mita 10, faɗin santimita 40, zurfin santimita 30, in ta cika tana ɗauke da lita 1,200, fiye da tan guda. Ba a sassaƙa ginshiƙin da ke ɗauke da gini don a saka ƙofa, saboda haka a nemi inda bututun ya fito a ƙasa a gina masa akwati mai murfi a nan. A sama kuma a huda bangon da ya ɓoye rufin, santimita kaɗan ƙasa da bakin kwano, a zura guntun bututu mai inci 2 ko 3 ya leƙo waje kamar rabin mita, a wurin da mutanen gida ke gani daga tsakar gida. Muddin hanya tana buɗe ba zai zubar da ko ɗigo ba. Ranar da aka ga yana zuba, sai a ɗauko sandunan yasa da zarar ruwa ya ɗauke.